Taka, Riƙe, Saki

Kafin komai, bari in ce na gode. Ku da kuka cika min waya da saƙonni tun ranar da na ba ku labarin ƙaurin da ya tashi a ƙofar gidan Kaka, Allah ya bar zumunci. Wata a cikinku har cewa ta yi in rabu da Cedric tunda ya ƙona motar tsoho. 'Yar uwa, na yafe miki, don ba ki san abin da nake ɗauke da shi yau ba. Wanda kuma yanzu ya shigo, matso in ɗan gutsura maka.

Sunana Jonelle. Kaka Elbert, mahaifin Mama, shi ya raine ni a gidansa na jan bulo da ke yammacin Detroit, lokacin da Mama ke aikin kwana a asibiti. Yana da mota Chevelle ja, ƙirar 1970, wadda ya saya da gumin da ya zubar a masana'antar motoci. Tsohuwa yake kiranta. A cikinta ya ɗauko Kaka Odessa daga coci ranar aurensu, a cikinta ya bi gawarta zuwa maƙabarta, kuma tun daga ranar zobenta na aure yake kwance a ɗan akwatin tokar sigari na motar. Duk wanda zai ja Tsohuwa sai ya buɗe ya taɓa zoben tukuna. Ni kuwa a ƙarƙashin motar nan na girma, na san lambar kowace sifana kafin in iya kitson 'yar tsana.

Cedric shi ne mai gashin ƙashin da ya kula da Kaka bayan an yi masa aiki a gwiwar hagu. Dogo ne, mai sanyin murya, irin mutanen da in suna sauraronka sai ka ji kamar kai kaɗai ne a duniya. Ni nake kai Kaka asibitin, sauran kun san yadda abin yake faruwa. Aibinsa ɗaya: tunda aka haife shi bai taɓa jan mota mai giyar hannu ba. Kaka kuwa yana da doka: namijin da bai san lokacin takawa da lokacin saki ba, ba zai iya riƙe gida ba. Ranar wata Lahadi bayan coci ya miƙa masa makulli. Bawan Allah ya zauna cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya bar ƙafa rabi a kan kuloci, ya danna totur kamar mai gudun ceton rai. Injin ya yi ruri, motar ta ƙi gaba, hayaƙi ya turnuƙe mu. Kaka ya karɓe makullinsa yana huci.

"Muddin ina numfashi, ƙafarka ba za ta ƙara taka kulocin nan ba!"

A nan muka tsaya. To ga abin da ya biyo baya.

Lahadin da ta zagayo Mama ta zo da girki, soyayyen tarwaɗa da ganye da burodin masara. Ba ta ko cire hular cocinta mai fure ba ta fara.

"Baba, mutumin nan mai son sayen motar ya sake kira."

"Ya kira uwarsa."

"Baba!"

"Miƙo min barkono, Gwen."

Mama ta dire kwalbar. "Motar da ko motsi ba ta yi yanzu? Kullum kana gareji kana shafa ta kamar jinjira, ran nan ka kusa faɗuwa a kan jak. Ga wannan," ta nuna ni da cokali, "dubi farcenta don Allah, baƙi ƙirin kamar ta tono gawayi. Allah ya kawo mata mutumin kirki, ka kore shi saboda ƙarfe. To ka ji: ranar Asabar ɗin Agusta da ake jerin tsofaffin motoci a titin Woodward, in ba kai da ƙafarka ka ja ta ba, zan kira mutumin ya zo da motar ɗauka."

Kaka ya ture farantinsa, shi da ba ya barin tarwaɗa sai ƙaya. Ni dai na san Mama, in ta faɗa ta zauna. Na kuma san in Tsohuwa ta bar garejin nan, Kaka ba zai daɗe a bayanta ba.

Ina wanke kwanuka waya ta yi motsi a aljihun siket ɗina. Cedric ne.

"Yana fushi har yanzu?"

"Ko sunanka ba ya faɗa. Mai Ƙona Mota yake ce maka."

"Na cancanta. Jo, zan tambaye ki wani abu. Yaushe rabon da ki ga ya ja motar da kansa?"

Na tsaya, kumfa na ɗiga daga hannuna. Tun bayan aikin gwiwar, kullum sai Kaka ya jefo min makulli ya ce, "Ke ja, ina so in saurari injin." Ni kuma wawiya ina ta jin daɗi wai an yarda da ni.

Wani saƙon ya shigo: "Ranar da na taka fedar nan sai da cinyata ta yi rawa, ni da nake da lafiya. Na san ƙarfin gwiwarsa, ni nake gwada ta. Ba za ta iya ba. Kuma ba zai taɓa faɗa ba."

Jama'a, na zauna a kan kujerar kicin na yi hawaye. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi ban gani ba, sai wanda aka kora da ihu.

"Babu kulocin da ya fi wannan laushi?" ya rubuto. "Ban san komai a mota ba, tambaya kawai nake."

Akwai mana. Kulocin Tsohuwa irin na dā ne, sandunan ƙarfe ne ke tafiya daga feda har ciki, ƙarfin ƙafarka kaɗai ke aiki. Yanzu ana sa mai aiki da mai, irin yadda birki yake, ɗan famfo a sama, tiyo ya kai man ƙasa. A haɗa shi da sabon faranti mai sauƙin dannawa, ko yarinya ta taka. Matsalar ita ce Kaka. Shi da abokansa na jerin motoci addininsu ɗaya: asali. Noti ɗaya in ba wanda motar ta fito da shi ba ne, sai su yi ta kallonka kamar ka yi sata a coci.

Washegari na same shi a gareji yana goge fitila.

"Kaka, tunda dole a sauke giyabos a sauya kuloci, ina so in sa mata na mai."

"A motar wa?"

"Ba zan yanka komai ba, ba zan huda ko'ina ba. Ramin da sandar take bi, nan famfon zai zauna. Tsofaffin kayan in shafe su da mai in jera a kwali. Ranar da ka ce a mayar, a mayar."

"Shekara hamsin tana tafiya da ƙarfenta, yau ke za ki sa mata tiyo kamar marar lafiya?"

Na san in na ambaci gwiwarsa magana ta mutu. Sai na dafa cinyata na marairaice. "Ni ce ƙafata ke ciwo, Kaka. In muka shiga cunkoso har kuka nake ji."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. "'Ya'yan yanzu, ƙashinku na biskit ne." Ya juya ga fitilarsa. "Kada noti ɗaya ya ɓace."

"Kuma ina buƙatar mai ƙarfi ya tare min giyabos."

"Kira Mai Ƙona Mota. Shi ya ɓata, ya zo ya ɗauki nauyi."

Ranar Asabar da hantsi Cedric ya iso cikin sabuwar rigar makanikai shuɗiya, har layin ninkin shago bai baje ba, da kwalin waina mai zaƙi a hannu. Ni ina cikin tsohuwar rigar aikin Kaka da na naɗe hannuwanta, kaina ɗaure da jan ɗankwali. Amma fa na sa ɗan kunne, kada ku ce ban faɗa ba. Kaka ya kafa kujerarsa ta lilo a bakin gareji kamar alƙali.

"Barka da hantsi, Mista Elbert."

"Likita, ɗaurin aure za ka je da wannan rigar?"

"Aiki na zo, yallaɓai."

"Za mu gani. Ajiye wainar nan kusa da ni."

Muka ɗaga Tsohuwa a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, na girgiza ta na tabbatar ta zauna. Na cire sandar giya daga ciki, muka shige ƙarƙashi, kafaɗa na gogar kafaɗa. Na kwance doguwar sandar da ke juya tayoyin baya, baƙin mai ya tsiyayo daidai kan sabuwar riga. Kaka ya yi dariya har da tari.

"Yauwa! Yanzu ta fara kama da ta maza."

Giyabos ɗin nan nauyinsa ya kai na yaro ɗan firamare, ga shi babu wurin kamawa. Na ce wa Cedric ya ja shi baya a miƙe, kada ya bari ya rataya. Ya ja, ya ja, sai ga shi ya zauna masa a ƙirji daram. Idanunsa suka firfito.

"Jo," ya ce da ƙyar, "in na mutu ki gaya wa kakanki da gaske nake."

"Ina jin ka," in ji Kaka. "Kada ka mutu a ƙarƙashin motata, za ka rage mata daraja."

Da muka buɗe ciki, farantin kulocin ya cinye har kusoshinsa sun fito suna sheƙi. Gaskiya ko ba Cedric ba, kwanansa ya ƙare. Babban faifan ƙarfen da ke bayan injin kuwa duk ya yi tabo shuɗi-shuɗi saboda zafi. Kaka ya sa aka kawo masa, ya shafa da yatsa.

"Ga sa hannunka nan, Likita. Ko a takardar magani bai fito haka ba."

Cedric ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, yallaɓai. Da na ce ban iya ba tun farko."

Kaka ya yi gyaran murya, ya ɗauki waina ta uku. Amma na lura tun daga lokacin bai ƙara cewa Mai Ƙona Mota ba.

Aka kai faifan wurin masu gogewa, ya dawo sumul kamar tire. Asabar ta biyu muka mayar. Na wanke shi tas, don ko ɗigon giris ya taɓa sabon faranti aikin ya lalace. Na duba fuskar farantin da ke kallon injin sau biyu, tunda in ka juya shi sai ka sake sauke komai. Na tsaida shi a tsakiya da 'yar sandar roba, na ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan sannan na gabansa, ina zagayawa. Cedric na riƙe da fitila, yana miƙo abin da na nema. In na ce sifana sai ya miƙo biyu, wai in zaɓa. Sabon boris mai aiki da mai sai da na gwada tazararsa na sake gwadawa kafin in yarda. Tsofaffin sandunan kuwa shi da kansa ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe a jarida, ya jera a kwali kamar mai shimfiɗe jarirai. Na ga Kaka yana satar kallonsa.

Saura abu ɗaya, fitar da iska daga tiyo. Wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Wani yana ƙarƙashi yana buɗe ɗan noti yana rufewa, wani yana tsaye a bakin injin yana ƙara mai kada kofin ya ƙafe, wani kuma yana zaune a ciki yana taka feda.

"Ni ina ƙasa," na ce. "Cedric, shiga ka taka."

Cedric ya goge hannu a hankali, ya dubi Kaka. "Ba zan iya ba."

"Kamar ya?"

"Mista Elbert ya rantse. Ƙafata ba za ta ƙara taka kulocin nan ba muddin yana numfashi. Ni ba zan sa dattijo ya karya rantsuwa ba. Zan riƙe kwalbar mai."

Sai a lokacin na gane inda ya dosa, na ji tsigar jikina ta tashi.

"To ke taka, shi ya shiga ƙasa," in ji Kaka.

"Kaka, mutumin da ke miƙo sifana biyu? Zai murɗe notin ya karye."

Kaka ya dubi motar, ya dubi gwiwarsa. A gaban baƙo, a gaban jika, in ya taka ƙafar ta gaza fa? Cedric bai matsa ba, bai miƙa masa hannu ba, ya dai tura ɗan akwatin katako da ƙafa zuwa bakin ƙofar motar, ya juya yana buɗe kwalba kamar ba ruwansa.

"Aikin banza," Kaka ya yi gunaguni. Ya miƙe, ya taka akwatin, ya shiga.

Na kwanta a ƙasa, na kama notin da sifana.

"Taka!"

Na ji ƙarar feda.

"Riƙe!" Na buɗe notin, iska ta fito fus tare da kumfa. Na rufe. "Saki!"

"Wannan ai burodi nake takawa," ya ce daga sama.

"Iska ce, Kaka. Taka! Riƙe! Saki!"

Muka yi ta yi. Can na jiyo muryar Cedric ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi a asibiti: "Da diddige, yallaɓai. Yauwa. A hankali wajen dawowa."

"Kai, ka kula da kwalbarka!"

Kumfa ta ragu, ta ragu, har man ya fito garau. Na ɗaure notin na ce an gama. Amma fedar ba ta daina ƙara ba. Ƙasa, sama. Ƙasa, sama. Na jawo jikina waje. Kaka na zaune, hannu biyu a kan sitiyari, yana takawa yana saki, yana kallon gwiwarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Jonelle. Iyakar nauyinsa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, Kaka."

Ya cire hularsa ya ɗora a kujerar gefe. "Ku sauke min ita."

Muka sauke. Ya buɗe akwatin toka ya taɓa zoben, ya murɗa makulli. Wanda bai taɓa jin Tsohuwa ta farka ba, ba zan iya kwatanta masa ba, har kwanukan kicin sai sun amsa. Ƙarar ce ta fito da Mama, wadda ta zo kawo abinci, da ludayi a hannu. Kaka ya taka, giya ta shige ba ko gurnani, ya saki a hankali. Motar ta silalo daga gareji kamar amarya, ta hau titi, ta sha kwana.

Mama ta toshe baki da hannu. "Shi ne yake ja? Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa, Mama."

Ta dubi Cedric, rigarsa duk baƙin mai, kwalba har yanzu a hannunsa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta sumbaci goshinsa, ta bar masa tabon miya. Sannan ta share ido ta ce min, "In mutumin nan ya sake kira, ki ce masa lambar ba daidai ba ce."

Ni kam godiya ta cika min ciki. Na gode wa Allah, na gode wa tsohon da ya koya min riƙe sifana, na gode wa wannan dogon da bai san komai a mota ba amma ya san mutum.

Kaka ya zagayo unguwa ya dawo, idanunsa jajur, wai hayaƙi ne. Ya ce in shiga ciki in kawo masa ruwa. Da na fito da kofin, na tarar da su biyu a jikin mota suna magana ƙasa-ƙasa, suka yi shiru da ganina.

"Kin san doka," in ji Kaka. "Sabon kuloci sai an lallaɓa shi mil ɗari biyar a cikin gari. Tsaya, tashi, tsaya, tashi. Ba gudu, ba fizga, har fuskokin biyu su saba da juna. Wanda ya yi gaggawa, shi zai sake sauke giyabos. Ni kuma likitana ba zai bar gwiwata ta yi wannan duka kafin Agusta ba. Ko ba haka ba, Likita?"

"Haka ne, yallaɓai."

Kaka ya jefa masa makulli. Cedric ya cafe, ya tsaya baki buɗe.

"Rantsuwar fa, Kaka?" na ce.

"A kan wane kuloci na rantse? Ga shi can a kwali."

Kun ji tsohon nan? Wato tun ɗazu ya san wannan hanyar, ya ƙi faɗa, ya hau ya zauna. Na dube shi, ya ɗauke kai yana shan ruwansa.

"Ke koya masa. In na ji ƙauri, ku duka biyu kada ku dawo."

Na wanke hannu, na cire ɗankwali, na shiga gefe. Cedric ya zauna yana zufa kamar mai shiga jarrabawa. Na ce masa, "Tsaya, akwai abin da ake fara yi." Na jawo akwatin toka don ya taɓa zoben Kaka Odessa.

Wayam.

Na laluba da yatsa, na duba ƙasan kujera, babu zobe. Ɗazu-ɗazu da idona na ga Kaka ya taɓa shi. Na leƙa ta taga, yana zaune a kujerar lilo yana cin wainar da Cedric ya sake kawowa, ko a jikinsa. Na juyo. Hannun Cedric na dafe da aljihun ƙirjin rigarsa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Cedric?"

"Kada ki tambaye ni, Jo. Mista Elbert ya ce in na buɗe baki kafin mitar mota ta cika mil ɗari biyar, zai karɓe abinsa."

Ya tada injin, ya taka, ya sa giya, ya saki da sauri. Tsohuwa ta yi tsalle ɗaya ta mutu a bakin ƙofa. Daga baya muka jiyo Kaka yana ihu: "Mil nawa ke nan, Likita?"

Na dubi mitar. Ko motsi ba ta yi ba. Na dubi aljihun da zoben neman aurena yake ciki. Na haɗiye dariya da kuka lokaci guda, na ɗora hannuna a kan nasa bisa sandar giya.

"Tada ta," na ce. "Taka. Riƙe. Yanzu saki, a hankali."